Ba Waina Ba Ce, Mushtari Ne

Tun ranar da na yi gangancin nuna wa jama'a hoton duniyar Mushtari da na ɗauka daga kan soron gidanmu ban huta ba. Wanda ya fi kowa tasa ni a gaba, kamar yadda kuka zata, wani Bazazzagi ne. Ya aiko cewa ya duba hoton ciki da bai, ya kira iyalinsa sun taya shi dubawa, kuma bakinsu ya zo ɗaya: waina ce da ta fara kamu a tanda, na ɗauke ta cikin duhu don kada a gane ta. Har da ƙarin cewa duk ranar da Bakano ya ce ya hango wata duniya a bincike shi, rumfa yake nema a can.

Na ji, ranka ya daɗe. Mu dai ko rumfar ce ma a sama muke neman ta. Kai kuwa na san ba ka ɗaga kai sai in hadari ya haɗo kana da shanya a waje.

Bayansa sai wani ɗan boko ya ce kwamfuta ce ta zana. Wata Hajiya ta yi mini addu'ar Allah ya ba ni aikin yi, na shafa. Wani dattijo kuma ya ce in dai abin da gaske ne in daina wahalar da mutane, in nemo musu watan azumi. Kowa zai samu rabonsa. Amma bari in fara da abin da ya fi ba ku dariya, wato kyamarar.

E, ba ƙarya aka gaya muku ba. Irin 'yar kyamarar nan ce da ake maƙalawa a kan kwamfuta a shagunan intanet, zamanin da ake biyan kuɗin awa a zauna ana hira da ɗan'uwa a Jidda, fuskarsa tana tsinkewa tana haɗewa. Tawa ta kamfanin Philips ce, samfurin da ake kira ToUcam Pro, mai siffar ƙwai. A tarkacen wani mai gyaran kwamfuta na tsince ta, ya ba ni kyauta yana yi mini kallon tausayi. Na murɗe gilashin gabanta na cire, kamar an buɗe kwalba. A ciki akwai ɗan farantin da ke karɓar haske, bai wuce ƙwayar dawa ba, ɗigo 640 a kwance, 480 a tsaye. Wayar da ke aljihunka ta ninka wannan sau talatin ko fiye. Sai na samo baƙar robar nan da ake sako fim ɗin kyamara a ciki a da, na yanke gindinta, na liƙa ta a bakin kyamarar da gam da baƙin salatif. Kaurin robar fim ya zo daidai da bakin madubin hangen nesa, inda ake zura gilashin kafa ido: inci ɗaya da kwata. Ka zare gilashin, ka zura robar, an gama. Madubin nawa mai faɗin inci shida ne, shi ne ya koma idon kyamarar.

Kada ku ba ni lambar da ba tawa ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 masu kallon taurari don sha'awa a Turai suka fara wannan karambani da wata kyamara mai suna QuickCam, wadda ta fito a 1994 tana ɗaukar baƙi da fari. A 2001 wani Bature a Ingila, Steve Chambers, ya gano yadda za a taɓa wayoyin cikin irin waɗannan kyamarori su riƙa buɗe ido na tsawon lokaci. Abin bai cika gari ba sai 2003. Ranar 27 ga Agusta ta wannan shekara jar duniyar nan ta Mars ta matso mu har kilomita miliyan 56, kusancin da aka yi kusan shekara dubu sittin ba a yi irinsa ba. Mutane suka fito bayan gidajensu da irin wannan ƙwan nawa, suka ɗauko hotunan da suka kunyata na fim ɗin da manyan ɗakunan binciken sama suka ɗauka shekarun baya. Da tsohuwar zuma ake magani, Malam Bazazzagi, ko da yake a lokacin zumar sabuwa ce.

To, ta yaya abin da ke nuna fuskar mutum kamar an jiƙa ta zai nuna duniyar da ke nisan kilomita miliyan ɗari shida? Nan ne wajen da nake so ku zauna, don nan sirrin yake, kuma ba a kyamarar yake ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi da tsakar ranar bazara ya san yadda kwalta ke rawa daga nesa, mota ta taho kamar tana iyo. Iskar da ke kanmu haka take dare da rana, mai zafi da mai sanyi suna cuɗanya, suna karkata haske. Shi ya sa taurari ke ƙifce. Da ido abin sha'awa ne. A madubi abin takaici ne. Mushtari, duk da ya ninka duniyarmu sau goma sha ɗaya a faɗi, daga nan girmansa kamar ƙwallon ƙafa ne da aka ajiye a nisan kilomita ɗaya. Ka kawo shi kan allon kwamfuta, ka ga yana motsi kamar kwabo a gindin bokitin da aka kaɗa. Ya miƙe, ya tsuke, gefensa ya yi gashi. In ka ɗauki hoto guda, komai tsadar kyamararka, wainar Bazazzagi za ka samu, kuma ba ni da bakin musu.

Amma ka zuba masa ido na minti ɗaya. Can ba ka ankara ba iskar za ta lafa, ƙasa da ƙiftawar ido, sai ka ga zane biyu masu ruwan ƙasa sun fito ras a jikinsa, kafin ka ce "kai!" sun ɓace. Tsofaffin masu kallon sama da fensir suke jiran wannan ƙiftawar, su zana abin da suka gani. Fim ba ya iya kama ta, don yana buƙatar a bar shi ya sha haske, kuma kafin ya ƙoshi iskar ta dama komai. Ita kuwa kyamarar hira ba hoto take ɗauka ba, bidiyo ne, hoto goma a kowace daƙiƙa. Minti biyu, hoto 1,200. Mafi yawansu shara ne. Amma a cikin sharar akwai waɗanda suka faɗo daidai lokacin da iskar ta lafa.

Daga nan aiki ya zama na mata a bakin turmi. An sussuka, saura sheƙa. Akwai manhajar da ke bin hotunan ɗaya bayan ɗaya tana auna kaifin kowanne, ta jera su daga mai kyau zuwa mummuna. Wata tsohuwa daga cikinsu RegiStax ce, ta wani mutumin Holan, Cor Berrevoets. Yanzu an fi amfani da AutoStakkert, ita ma ta wani ɗan Holan, Emil Kraaikamp. Kai ne za ka ce mata a riƙe kashi ɗaya cikin uku, sauran a bar wa iska. Ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta zauna. Sai ta ɗora tsabar a kan juna, ɗigo kan ɗigo, ta fitar da hoto guda.

Ɗan boko, matso, nan ne naka. Ka ce kwamfuta ta zana. Kowane hoto guda yana ɗauke da yayyafin nan irin na tsohuwar talabijin in eriya ta karkace. Yayyafin ba ya faɗuwa wuri ɗaya sau biyu, zanen Mushtari kuwa yana nan inda yake. Kamar ka tara mutum ɗari huɗu da suka ga faɗa a kasuwa ne. Kowa zai ba da labari da gishirinsa, amma gishirin wannan ba ya haɗuwa da na wancan, abin da ya faru ne kawai ke maimaituwa a bakin kowa. Lissafin ma sananne ne, kai da ka yi boko: hoto 100 yana rage yayyafin sau goma, hoto 400 sau ashirin. Ba ta ƙara komai ba. Zubarwa ta yi, ta kuma haɗa bakin shaidu. Na san abin da ya tsorata ka. A 2023 an yi ta cece-kuce kan wasu wayoyi da in ka nuna musu farin dunƙule mai hazo sai su yi masa ado da ramukan wata. Wannan kam ka yi ta zargi, ina bayanka. Tawa kyamarar ba ta da wannan wayon. Ba ta san Mushtari ba, ba ta san waina ba.

Sai dai tun da mun zo nan, bari in tona wa kaina asiri kafin ku tona. Akwai mataki na ƙarshe, na wasa hoton ya yi kaifi, kuma nan ne shaiɗan ke zama. A RegiStax wasu 'yan maɓallai ne guda shida da ake ja. Ka ja kaɗan, zanen ya fito, jan tabon nan mai girma ya nuna kansa. Ka ƙara ja, sai gefen duniyar ya yi zobe-zobe kamar an yanka albasa, jikinta ya cika da ƙuraje. Hotunana na shekarar farko duk haka suke, kamar amaryar da aka bar wa ƙannenta kwalliya. Wanda ya zarge ni da cika hannu a wannan wuri ya faɗi gaskiya. Bazazzagi bai zarge ni da shi ba, don bai san da shi ba.

Kuma kafin a kai ga sheƙar ma sai an sha wuya wajen girbi. Manhajar hira ta yau da kullum ba ta yi. Tana ganin baƙin sama sai ta ɗauka ɗakin ne ya yi duhu, ta buɗe ido iya ƙarfinta, Mushtari ya koma farin ƙwan fitila babu zane babu komai. Sannan ta matse bidiyon don ya yi sauƙin aikawa, ta zubar da ainihin abin da ka hau soro dominsa. Shi ya sa aka yi manhajojin ɗauka na musamman. A zamanin ƙwan nawa K3CCDTools ake yayi. Yanzu SharpCap ce, ta Robin Glover a Ingila, da FireCapture, ta Torsten Edelmann a Jamus. Da su kai ne direba. Ka kashe duk wani abin da ke saita kansa. Ka rage lokacin buɗe ido har zanen ya bayyana. Ka ƙara wa farantin kuzari daidai gwargwado, don in ka cika yayyafi ya yi yawa. Akwai wani ɗan zane a gefen allo mai kama da tudu da ke nuna yawan hasken da ke shiga, ka tabbata tudun bai bugi bangon dama ba. Ka ajiye bidiyon ɗanye, ba matsi, ya cinye maka wuri a kwamfuta kamar baƙon da ya zo da iyalinsa.

Madubin nawa ba shi da injin bin sama, hannu ne. Duniya kuwa tana juyawa ba ta jiran kowa. In na ƙara gilashin da ke ninka girma sau biyu, Mushtari yakan shigo ta wannan gefen allo ya fice ta wancan cikin daƙiƙa ashirin. Sai in tura madubin kaɗan, in ɗauke numfashi, in jira ya daina rawa, ya sake shigowa. In hannu ya zarce, an rasa shi, a koma neman ƙwallo a nisan kilomita ɗaya ta ramin da bai wuce ƙwayar dawa ba. Ga sauro ya gane hannayena biyu ba su da sukuni. Kuma ba a wuce minti biyu zuwa uku ana ɗauka, saboda Mushtari yana gama juyawarsa cikin ƙasa da awa goma, in ka daɗe zanen ya gusa ya shafe kansa. Hajiya, kin ji aikin. Ki sake duba addu'arki, ko za ki mayar da ita ta neman hutu.

Akwai daren da na kusa shiga tarihi. Lokacin sanyi ne, wajen ƙarfe ɗaya. Ina duba allo sai ga wani baƙin tabo a jikin Mushtari, can ƙasa, inda jiya babu shi. Gabana ya faɗi. Ni na san labarin Anthony Wesley, mutumin Ostireliya da ke wannan harka a bayan gidansa. Ranar 19 ga Yuli 2009 ya ga baƙin tabo kusa da ƙuryar kudu ta Mushtari, ya sanar, manyan madubai suka juya, har Hubble da ke sararin sama, aka tabbatar wani abu ne ya faɗa wa duniyar ya bar tabo, kuma babu masanin da ya riga shi gani. To ga nawa ya zo. Na fara tunanin yadda Turawa za su yi fama da furta sunana. Na sauka na tashi uwargida, ta hau soro da bargo, ido a kumbure. Na ce ta shaida. Garin nuna mata na taɓa madubin, Mushtari ya gusa gefe, tabon ya tsaya cak inda yake. Ƙurar hunturu ce ta zauna a kan farantin. Ta dube ni, ta dubi allon, ta ce, "Malam, a kashe ko a bar maka?" Ta sauka. Da safe ban ji ta gaya wa kowa ba, amma har yau in na ce na ga wani abu sai ta tambaya ko na goge.

Labarin Wesley bai ƙare a nan ba, kuma ragowar taka ce, Bazazzagi, kai mai son shaida. Ranar 3 ga Yuni 2010 yana ɗaukar bidiyo sai wani haske ya walƙa a gefen Mushtari na kusan daƙiƙa biyu ya mutu. Da shi kaɗai ne da an ce kyamara ce ta yi tari. Sai ga Christopher Go a birnin Cebu na ƙasar Filifin, dubban kilomita tsakaninsu, ya kama walƙiyar a bidiyonsa, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Dutse ne ya faɗa ya ƙone. Shaidu biyu adilai, ko a gaban alƙali magana ta ƙare. Kyamarorinsu sun fi tawa nesa ba kusa ba, jikokinta ne, masu ɗaukar hotuna da yawa a daƙiƙa. Amma dabarar ita ce dai wannan: bidiyo, sheƙa, tarawa. Manyan madubai na duniya lokacinsu a ƙayyade yake, ba za su kwana suna gadin Mushtari ba. Marasa aikin yi ne ke gadinsa.

Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne ba ku san arzikin da ke kanku ba. Mutumin Ingila yana can sama da daraja hamsin arewa, shekaru da dama duniyoyin nan ba sa tasowa masa sosai, ta cikin iska mai kauri yake leƙensu, ga gajimare. Mu a Kano muna wajen daraja goma sha biyu. Mushtari da Zuhal da wata suna bi ta kusa da tsakar kanmu, inda iskar ta fi siranta. Fitilun gari ma ba su dame su ba, don haskensu ya fi ƙarfin haka, ba sai ka tafi daji ba. Namu matsalolin daban ne. Siminti da kwanon rufi suna shan rana su yi ta amayar da zafi har tsakar dare, in ka saita madubi ta saman rufin maƙwabci kamar ka leƙa ta saman tukunya ne. Janareton maƙwabcin kuma yana girgiza soron. Hazo mara kauri bai cika ɓata aiki ba, wani lokaci ma daren da ya yi lumshi iskarsa ta fi kwanciya. Mai kaurin ne ke rufe kasuwa, ya kuma bar maka tarihi a kan faranti.

Saura Baba mai neman watan azumi. Allah ya ja da ranka, wannan ba hurumina ba ne, akwai kwamiti, akwai Sarkin Musulmi. Abin da zan iya gaya maka shi ne kyamara tana ganin abin da ido ba ya gani. Wani Bafaranshe, Thierry Legault, ya ɗauki hoton jinjirin wata da rana ranar 8 ga Yuli 2013, daidai lokacin haihuwarsa, sa'ad da babu idon da zai iya ganinsa. Ko irin wannan ya zama gani a shari'a, malamai ne za su faɗa, ni ba zan sa baki a raba ni da soron ba. Amma ka zo daren bakwai ko takwas ga wata, lokacin da ya yi rabi, in nuna maka abin da ya fi. A daidai layin da haske ya yi iyaka da duhu, inuwa takan zubo cikin ramuka, komai ya fito kamar a tafin hannu. Kusa da tsakiya akwai wani rami mai faɗin fiye da kilomita ɗari, da ɗan dutse a cikinsa, sunansa Albategnius. Al-Battani ke nan, masanin taurarin da ya yi aiki a Raƙƙa ya rasu a 929. Ƙasa da shi kaɗan ga Arzachel, wato Az-Zarƙali na Andalus. Akwai na Abul Fida, akwai na As-Sufi, akwai na halifa Ma'amun. Turawan da suka zana taswirar wata ne suka raɗa, don da littattafan mutanen nan suka yi karatu.

Maƙwabcina mai janareton ya taɓa hawowa a irin wannan dare, da niyyar ya ga abin da ke hana ni barci ya kai rahoto majalisa. Na zare kyamarar na mayar da gilashin ido na ce ya leƙa. Ya daɗe a sunkuye bai ce uffan ba. Can ya ɗago ya leƙa bakin madubin ta gaba, ya zura ido ciki, yana neman inda na liƙa hoton. Ya koma ya sake leƙawa, watan ya gusa ya bar shi, ya ce in dawo masa da shi. Na dawo masa da shi sau huɗu. Da zai sauka ya ce to ina tutar da Amurkawa suka ce sun kafa. Na ce madubin nan abin da bai kai kilomita ɗaya da rabi ba ba ya raba shi da ƙasa, tuta kuwa ko Hubble ba ya ganinta. Ya ce shi dama ya sani. Amma ya kashe janareton a daren, kuma washegari ya turo yaransa uku.

Kai ma ƙofa a buɗe take, Malam Bazazzagi. Daga Zariya zuwa nan ba nisa, ka shigo motar yamma. Ka zo da maganin sauro da rigar sanyi, ka cire takalmi a ƙasa don soron ba ya son taku mai nauyi. Zan nuna maka ɗanyen bidiyon tukuna, ka yi dariyarka ka more, sannan mu sheƙe shi tare a gabanka. Wainar kuma kai za ka kawo, tun da ka fi ni saninta, uwargida ta ce ita ba ta soya wa mutanen da ke tashinta ƙarfe ɗaya.